Saye a eBay ko Amazon da saye a shafin mai kaya: wa ke karɓar haraji a Amurka?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Ya ce ya sayi tsohuwar waya a eBay daga hannun wani mutum da ba kamfani ba, sai ya ga an ɗora masa haraji a kan farashin, alhali da ya sayi kaya a shafin wani ƙaramin ɗan kasuwa ba a ƙara masa ko sisi ba. Yana son sanin ko mai wayar ya cuce shi ne.

Malam, bai cuce ka ba. Kuɗin nan ko hannunsa bai taɓa ba. Bari mu ajiye cinikin biyu gefe da gefe ka gani.

Da farko, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da harajin sayayya. Na jihohi ne, kuma birane da gundumomi kan ɗora nasu a sama. Jihohi 45 da birnin tarayya suna karɓa, biyar ba su da shi a matakin jiha: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon, ko da yake wasu garuruwan Alaska na karɓar nasu. Kuma ba a haɗa shi cikin farashin da ake nunawa, sai ka zo biya zai bayyana, shi ya sa yake ba mutane mamaki.

A da, hukuncin Kotun Ƙoli na 1992 ya hana jiha tilasta wa ɗan kasuwa karɓar haraji muddin ba shi da shago ko sito ko ma'aikaci a cikinta. A watan Yunin 2018 kotun ta rushe wannan a shari'ar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Daga nan ne hanya ta rabu biyu.

Idan ka saya ta dandali irin su eBay, Amazon, Etsy ko Walmart, doka ta ɗauki dandalin a matsayin dillalin da kuɗi ke bi ta hannunsa, don haka shi za ta kama. Shi ke lissafa harajin, ya karɓa, ya miƙa wa jihar. Jihar Washinton ta fara aiki da irin wannan doka a Janairun 2018, Kalifoniya a Oktoban 2019, Misuri ce ta zo ƙarshe a Janairun 2023. Yanzu duk jihar da ke da harajin tana da dokar. A nan ba a duba girman mai kaya. Ko waya ɗaya tilo ya sayar a shekara, ko gwanjo ce, girman dandalin ake dubawa, kuma cinikin waɗannan ya wuce kowace iyakar da jihohi suka sa kafin karɓar haraji ya zama dole, nesa ba kusa ba. Mai kayan ba zai iya yafe maka ba ko da ka roƙe shi. Hasali ma shi ya fi ka jin haushi, domin eBay na yanke kamashonsa ne daga jimillar kuɗin har da harajin da bai shiga aljihunsa ba.

Idan kuwa a shafin ɗan kasuwar kansa ka saya, nauyin yana wuyansa, amma sai in yana da alaƙa da jiharka. Ko dai yana da wurin kasuwanci a can, ko cinikinsa a jihar ya haura iyaka. Jihohi da yawa sun tsayar da dala 100,000 a shekara, Kalifoniya da Tekzas kuma dala 500,000. Ƙaramin ɗan kasuwan da bai kai nan ba ba dole ya karɓa. Wannan ne ya faru a cinikinka na biyu.

Sai dai kada ka yi saurin murna. Rashin ganin haraji a rasit ba ya nufin an yafe. Jihohin suna da harajin amfani, daidai da na sayayyar, wanda mai saye ne zai biya da kansa, galibi a takardar harajinsa ta shekara. Mutane ƙalilan ne ke biya, gaskiya, kuma wannan sakacin ne ya sa jihohi suka koma kama dandali. Amma a takarda bashi ne a kanka.

Inda hanyoyin biyu suka fi haɗuwa shi ne adireshi. A sayayyar da ke tsallaka jiha, inda za a kai kaya ake bi, ba inda mai kaya yake ba. Wayar dala 200 da za a kai birnin Niyok, inda jimillar harajin ta kai kashi 8.875 cikin ɗari, za ta ja dala 17.75. Ita dai wayar, a kai ta Oregon, babu komai. Shi ya sa kamfanonin da ke karɓar kaya su tura wa mutane ƙasashen waje suke son kafa sito a Delaware da Oregon. Wanda ke waje ya zaɓi mai tura masa kaya a jihar da ke da haraji, to zai biya kamar mazaunin can.

Nau'in kaya ma na sauya lissafi. Fensilbeniya ba ta karɓar haraji a kan yawancin tufafi, jihar Niyok ta yafe nata kason a kan tufar da ba ta kai dala 110 ba. Kuɗin aike kuwa wasu jihohi na haɗa shi cikin abin da za a yi wa haraji, kamar Tekzas, wasu ba sa haɗawa idan an rubuta shi daban.

Ga mai sari don ya sayar, akwai takardar shaidar sake sayarwa, wadda ke sa a cire masa harajin. A shafin ɗan kasuwa kai tsaye za ka tura masa, a dandali kuwa sai ka yi rajistarta a asusunka kafin ciniki, domin mai kaya ba shi da ikon cire maka. Idan kuma ka mayar da wayar aka dawo maka da kuɗi, duba rasit ɗin da kyau, harajin ma ya kamata ya biyo.