Cika yunit 24 ko tsayawa a 18: amsa ga mai kari-oba biyu

Ƙanena, ka ce kana aji uku a jami'a, kana da kari-oba biyu, wato kwasa-kwasan da ka faɗi sai ka maimaita, na zangon farko kowanne yunit 3, kana tambaya ko ka haɗa su da kwasa-kwasan bana ka cika 24, ko ka ajiye wasu ka tsaya a 18. Na ga wasu sun ce maka kawai kwashe duka Allah zai rufa asiri. Allah ya rufa, amma zo mu ɗan yi lissafi tukuna.

Su kari-oban nan dai ba sa cikin abin da ake shawara a kai, a yawancin jami'o'inmu su ake fara sakawa, sai kwasa-kwasan dole na ajinka, sai na zaɓi in wuri ya rage. Kuma abin da aka saba bi a ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, shi ne kada ɗalibi ya gaza yunit 15 a zango, kada ya haura 24. Ka ga ke nan 6 sun riga sun tafi. In ka cika 24 kana da wurin 18 na bana, in ka tsaya a 18 kuwa 12 kacal za ka ɗauka, sauran su jira ka a aji huɗu.

Ta wajen maki, 18 ta fi daɗi, wannan ba musu. A tsarin maki 5, A biyar ce, B huɗu, C uku, F kuma sifili. Mu ƙaddara ka ɗauki 18 ka samu B a duka, maki 72 ke nan, raba da 18, GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na zango, 4.00. Mu ƙaddara kuma ka ɗauki 24, ka samu B a yunit 21 amma kwas ɗaya mai yunit 3 ya kayar da kai, maki 84 raba da 24 ya ba ka 3.50, wato kana tsaye daidai bakin layin 2:1, digiri mai daraja ta biyu babba, kuma ga sabon kari-oba ka ƙara wa kanka. F ba ta zuwa da maki amma yunit ɗinta yana nan cikin abin da ake rabawa da shi, shi ya sa take cin mutum sau biyu. Sannan yunit ɗaya lakcar awa ɗaya ce a sati, na firaktikal ma ya fi haka, don haka 24 tana nufin aƙalla awa 24 a aji duk sati, ban da tes da asaimen da lakcar da malami zai ce a zo ranar Asabar saboda ya yi tafiya.

To amma ta wajen lokaci fa, nan 18 take da tarko, kuma shi ne abin da masu ce maka ka rage ba su faɗa ba. Kwas na zangon farko a zangon farko kawai ake yinsa. Abin da ka ajiye yanzu sai baɗi war haka, a aji huɗu, inda furojet yake jiranka da nasa yunit ɗin, kuma can ma 24 ɗin ce iyaka. In kana ɓangaren kimiyya, wasu sassan zango na biyu na aji uku gaba ɗaya SIWES ne, wato fita koyon aiki a ma'aikatu, to duk wani bashi na zango na biyu shi ma aji huɗu zai tarar da kai. Ranar da ka zauna rajistar ƙarshe ka ga abin da ya rage maka 27 ne fotal kuma ta tsaya a 24, saboda yunit 3 sai ka ƙara shekara, ka sake biyan kuɗin makaranta, abokanka suna sansanin NYSC kai kana zuwa lakca ɗaya a sati da ƙannenka. In shekaru sun ɗan ja ma akwai batun shekara 30, wanda ya kammala bayan ya haura ta takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa hidimar ƙasa.

Akwai kuma kwasa-kwasan da suke matakala, sai ka ci na ƙasa a bar ka ka yi na sama. In ɗaya daga cikin kari-obanka irin wannan ne, to na saman ya fita daga lissafin bana da kansa, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Ni dai a ganina ba lambar 24 ko 18 ce za ta yanke maka hukunci ba, jadawalin lakca ne. Masu tsara shi don 'yan aji uku zalla suka tsara, ba ruwansu da cewa kai kana da kwas a aji biyu. Sai ka ga kari-oba Talata 10 zuwa 12, kwas ɗin dole na bana shi ma Talata 10 zuwa 12, taura biyu kuwa ba ta taunuwa, kuma makarantu da yawa suna neman halartar kashi 75 kafin a bar ka ka shiga jarrabawa. In a BUK kake kuma ɗaya a tsohuwar makaranta ɗaya a sabuwa, ko a ABU tsakanin Samaru da Kongo, ko ba su haɗu a awa ɗaya ba ka saka lokacin jiran mota a lissafi, lakcar da ta tashi 12 a nan ba za ta kai ka ta 12 a can ba.

Don haka kafin ka taɓa fotal, samo jadawalin aji biyu da na aji uku, ɗauki takarda ka ja layin Litinin zuwa Juma'a, fara rubuta kari-oba da jan biro, sai na dole, ka ga inda suka yi karo. Sannan ka buɗe kundin sashenku ka ƙirga yunit nawa suka rage maka a duk zangon farko har ka gama, na bana da na baɗi. In jimillar ta kusa 48, ba ka da zaɓi, cika 24 ka ɗaure. In akwai sarari, ni 21 zan ce maka, ka ajiye kwas ɗin zaɓi guda ɗaya, kada ka taɓa na dole sai in karo ya tilasta.

Ka kai wa lebul kodineta, malamin da ke kula da rajistar ajinku, wannan takardar ya gani kafin ka danna turawa, musamman in a kafe za a yi maka, don mai kafe lambar kwas kawai yake gani, lamba ɗaya ta kuskure sai ka zauna jarrabawar da ba ka yi wa rajista ba sakamako ya ƙi fitowa. Ka buga fom ɗin, a sa hannu, ka ajiye kwafi ɗaya a gida. Ka kuma tambayi ranar da za a rufe ƙari da ragin kwasa-kwasai, don jadawali yakan canza a satin farko ko na biyu, in karon ya ɓullo bayan an rufe sai dai ka je kana roƙon malami.