Tsohuwar mota mai jinkirin dawowa silo: a gyara kafireton ko a sayi sabo?

Duk mai tsohuwar mota mai kafireto ya san wannan abin haushin, ka ɗaga ƙafa daga totur za ka sa giya amma inji ya ci gaba da kuka a sama kamar har yanzu kana takawa, sai ya ga dama sannan ya sauko silo, wato ƙaramin gudun da yake yi in ba a taka totur ba, wani lokacin ma sai ka ɗan buga totur ɗin da ƙafa. Inji mai lafiya idan ya yi zafi yana zama ne wajen zagaye 700 zuwa 900 a minti, kuma da ka saki ƙafa can ya kamata ya koma. Ni na sha wannan wahalar, na zubar da kuɗi kafin in gano bakin zaren, shi ya sa nake so ku ji kafin ku sa hannu a aljihu.

Da farko dai kar ka sayi komai. Cire wayar totur daga jikin kafireto, tada inji, ja hannun totur ɗin da yatsa ka saki. In ya sauko nan take, to waya ce ke riƙewa ko feda, an gama magana. In bai sauko ba duba sifirin ɗin da ke mayar da hannun, duba ko cok, wato faifan da ke rage iska in inji na da sanyi, yana buɗewa gabaɗaya, sannan wasu motocin suna da wani ɗan abu kamar ƙaramin gwangwani mai tsinke da hannun totur ke dannawa in zai rufe, da gangan aka sa shi don rage saurin rufewar saboda hayaƙi, in an matso da shi da yawa shi kaɗai ya isa ya riƙe inji a sama. Buɗe murfin distiribita ma, akwai ƙarafa biyu masu sifirin a ciki da ke ƙara taimin in inji ya yi gudu, in sun cije ba sa komawa da wuri.

In duk waɗannan lafiya lau, to mun zo kan zaɓi. Gwangwanin feshin wanke kafireto ba gyara ba ne, amfaninsa ɗaya a wajena, ka fesa kaɗan a gindin kafireto da bakin tiyo-tiyo inji yana silo, inda sautin ya canja nan iska ke shiga (a yi hattara, abin yana kama wuta). Kafireto na hannu kuwa sayen ciwon wani ne kawai, shekarunsa ɗaya da naka.

Abin da nake tsaye a kai shi ne ka gyara naka na asali. Kafireton Aisan na jikin tsofaffin Toyota, Hitachi na Datsun, Keihin na Honda, Solex na Volkswagen, duk an auna su ne daidai da injin da suka zo da shi, kuma yawanci abin da ke mutuwa a jikinsu ƙarami ne. Akwai sandar da ke riƙe da faifan totur, wato faifan da ke buɗe wa iska hanya in an taka totur, tana juyawa a cikin rami a jikin kafireton, shekara da shekaru ana takawa ana saki har ramin ya cinye ya buɗe, iska ta riƙa satar hanya ta nan. Mai ya yi wa iska kaɗan, inji ya fara mutuwa a silo, sai bakanike ya ƙara murɗa sukurun silo don ya tsaya. To a nan ake yin ɓarnar, domin faifan ya buɗe fiye da ƙa'ida ya tone ƙananan ramukan man da bai kamata su fara aiki ba sai an taka totur, a wasu motocin har tiyon da ke zuwa distiribita ya fara zuƙa ya ƙara taimin, shi ke nan inji ya rataye a sama. Kama ƙarshen sandar da yatsu biyu ka girgiza sama da ƙasa, nawa har ƙas-ƙas yake yi, ga wani baƙin danshi kewaye da wurin. Maganin shi ne a gyara ramin a dasa bushin na tagulla, wato zoben da sandar za ta riƙa juyawa a cikinsa, a haɗa da kit ɗin gaskit da allurar fulot da robar famfon totur. Yawancin kit ba sa zuwa da bushin ɗin, sai ka nema daban, kuma da lambar da ke jikin kafireton ake sayen kit, sunan mota kaɗai bai isa ba. Wajen mayar da faifan a ɗaga shi a haske a ga ya rufe daidai ta ko'ina, ƙananan sukurun nan biyu da ke riƙe shi a jikin sandar kuma a ɗaure su da gam ɗin zare, don in ɗaya ya kwance cikin inji zai faɗa.

Sabo kuwa, in jikin naka ya tsage ko ya lanƙwashe ba makawa sai shi, amma wallahi jama'a a buɗe ido. Ni nan na faɗa tarko. Na sayi wani yana ƙyalli cikin kwali mai kyau da sunan wani sanannen kamfani a jiki, aka ɗaura, kwana biyu ya fi na da muni, silo ba ya zama wuri ɗaya ga warin fetur. Da muka buɗe sai ga jet, wato ƙananan bakunan da ke auna man da ke shiga, babu ko lamba a jikinsu, cikin ramukan kaushi-kaushi da ɓurɓushin ƙarfe, sandar totur ɗin da nake gudu a tsohon ita ma tana rawa a sabon, gindinsa da muka ɗora a kan gilashi sai ga shi yana tangaɗi. Ashe jabu ne, kuma mai sayarwar ya ce tunda fetur ya shiga ba ya karɓa. Masu kwaikwayon nan sun fi bin sunayen da ake so, irin Weber 32/36, wanda asalinsa na Bologna ne a Italiya amma tun 1992 a Sifen ake ƙera shi, to ka nemi rubutun da ke nuna ƙirar Sifen ce a zube a jikin ƙarfen, kar ka yarda da takardar manne. Ka sa a kwance jet ɗaya a gabanka ka ga lamba, ka girgiza sandar, in aka ce maka guda ɗaya yana shiga kowace mota ajiye musu kayansu, kuma a yi maganar mayarwa tun kafin ka biya. Kit ɗin ma akwai jabunsa, robar famfon in ta jabu ce fetur na taɓa ta sai ta kumbura ko ta sandare, gaskit ɗin kuma ka ɗora shi a kan tsohon naka ka ƙirga ramukan ɗaya bayan ɗaya kafin ka bar wurin.