Kwamfutar hannu don aiki biyu a lokaci guda: wacce za ka saya?

Yawancin masu neman kwamfutar hannu, wato tablet, ba don kallo kawai suke nemanta ba. Ɗalibi yana son littafin PDF a gefe ɗaya, wurin rubutu a ɗaya gefen. Ɗan kasuwa yana son WhatsApp a buɗe, lissafin kaya kusa da shi. A waya sai ka fita daga wannan ka shiga wancan, kafin ka dawo ka manta adadin da ka gani. Saboda haka abin dubawa na farko shi ne RAM, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe manhajojin da ke buɗe. Idan ya yi kaɗan, manhajar da ka bari tana iya rufe kanta.

Ni dai Samsung Galaxy Tab S9 FE ce zaɓina. Ta fito a 2023, allonta inci 10.9, ƙaramar tana da RAM 6GB da ma'aji 128GB, kuma tana karɓar memori. Manhaja uku take jerawa a allo ɗaya. Alƙalaminta, S Pen, yana cikin kwali, ba ya neman caji. Kana sauraron darasi a YouTube kana rubutu da hannunka a gefe. Batirinta 8,000mAh ne, ga kariyar ruwa da ƙura, wadda duk mai fita da kaya lokacin hunturu ya san amfaninta. Idan za ka riƙa yawo da ita, nemi mai ɗaukar layi.

iPad ta 10 tana da kyau, amma ba ta karɓar memori, alƙalaminta kuma kuɗinsa daban. Amazon Fire ba ta zuwa da Play Store, a bar wa yara.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne jabu. An taɓa sayar min da wata mai rubutun "12GB" ɓaro-ɓaro a kwali, manhaja biyu suka gagare ta. Masu haɗa su har lambar RAM da ke cikin saitin suke canzawa, don haka kada ka yarda da ita. A gaban mai shago ka buɗe bidiyo, ka raba allo, ka yi rubutu, ka koma ka gani ko bidiyon ya tsaya. Idan iPad ta hannu ce, sai an goge ta a gabanka ka shigar da asusunka, don mai kulle da iCloud (asusun Apple) ɗin wani ba ta da amfani. Wanda ya ce "ai ba a buɗe kwali sai an biya", bar masa kayansa. A rasit kuma a rubuta maka lambar na'urar da kwanakin garanti.