Penicillamine a ciwon Wilson: yana ceton hanta, amma a bi shi a hankali

Ciwon Wilson na gado ne. Hanta takan kasa zubar da jan ƙarfe ta hanyar ruwan matsarmama, sai ya taru a cikinta, daga baya ya haura ƙwaƙwalwa. Penicillamine, kafso mai miligiram 250, shi ne maganin da wani likita ɗan Birtaniya, John Walshe, ya fara ba masu ciwon a 1956, har yau kuma da shi likitoci da yawa ke farawa. Kama jan ƙarfen yake yi ya fitar da shi ta fitsari.

Ga mai matsalar hanta zalla, mun yaba da shi ƙwarai. Inda muke ɗar-ɗar shi ne wanda ciwon ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, wato mai rawar hannu, nauyin harshe da dalalar miyau. Idan aka ɗura masa da yawa tashi ɗaya, jan ƙarfe kan kwararo daga hanta zuwa jini ya ƙara dagula ƙwaƙwalwa, wani ma ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa babba ke farawa da miligiram 250 zuwa 500 a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har 1,000 zuwa 1,500, a raba biyu zuwa huɗu. A sha awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa, domin abinci na hana shi shiga jiki. A haɗa da bitamin B6, miligiram 25. Zazzaɓi, ƙuraje ko kumfa a fitsari, a koma wurin likita nan take, don yana iya taɓa ƙoda da ɓargo. Awon jini da na fitsari ba fashi.

A Accra babban ƙalubale samun sa ne. Ba kowane kantin magani a Nima ko Maamobi ke ajiye shi ba, a yi oda tun da sauran na wata guda. Yanke shi kwatsam na iya kashe hanta cikin watanni. A kuma kiyayi tsiren hanta, ƙaguwa, gyaɗa, cakulan, da shito mai jatan lande da ake zubawa a waakye, musamman shekarar farko, domin suna ɗauke da jan ƙarfe da yawa.

Idan hanta ta gaza, sai dashe, wanda iyalai kan fita waje kamar Indiya a yi. Sabuwar hanta na gyara tushen ciwon, an huta da penicillamine, sai maganin hana jiki ƙin dashen irin su tacrolimus har ƙarshen rayuwa. Amma kada wani dillalin asibiti ya yi muku alƙawarin rawar hannu za ta tafi. Wasu kan samu sauƙi a hankali cikin watanni ko shekaru, wasu kuwa ɓarnar ta riga ta zauna.

Kowane ɗan'uwan mai ciwon uwa ɗaya uba ɗaya na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na shi ma ya gaji ciwon. A kai su awon jini, na fitsarin awa 24, da duba ido a asibiti irin Korle Bu, ko da lafiyarsu ƙalau.