Na'urar auna santsin titin jirgi: wacce za a saya kafin damina?

Duk lokacin da jirgi ya sauka, tayoyinsa kan bar roba a inda suka fara taɓa ƙasa. A rani ba a jin illarta. Sai ruwan sama ya sauka a kanta, birki ya ƙi kamawa, jirgi ya ci titi fiye da lissafin matuƙinsa. Wannan ne ya sa filin jirgi ke bukatar na'urar da za ta bi titin daga farko zuwa ƙarshe tana auna santsi.

A fara da abin da ba ya da amfani a nan. Ƙananan na'urori irin su Tapley da Bowmonk, waɗanda ake ɗorawa cikin mota a taka birki, suna da araha, amma na titin da ƙanƙara ta rufe ne. A jiƙaƙƙen titi ba abin dogaro ba ne, kada arha ta ja mutum.

Mu-Meter ta Ingila tirela ce da ake ja da mota, tayoyinta biyu na awo a ɗan karkace. Skiddometer BV11, wadda asalinta Suwidin ne, ita ma jan ta ake yi, sai dai tayar awonta na juyawa ƙasa da gudun motar, kamar ana riƙe da birki kaɗan. GripTester ta Sukotland haka take aiki, ga ta da rashin nauyi, har da hannu ana tura ta a lungun da mota ba ta shiga. Akwai kuma motocin da aka gina na'urar a cikinsu, na kamfanonin ASFT da SARSYS: sun fi sauri, sun fi tsada, kuma ranar da motar ta lalace awo ya tsaya cak.

Ga inda masu saye ke yin kuskure. Lambobin ƙarfin kamun taya da na'urorin ke bayarwa ba ɗaya ba ne. A ma'aunin hukumar jiragen sama ta Amurka, a gudun kilomita 65 a awa, mafi ƙarancin abin karɓa shi ne 0.42 a Mu-Meter, 0.43 a GripTester, 0.50 a Skiddometer. Wanda ya sauya na'ura ya ci gaba da tsohon jadawali zai yaudari kansa. Ana kuma maimaita gwajin a kilomita 95, tare da zuba ruwa mai kaurin milimita 1 a gaban taya, don haka a tambayi girman tankin: zai kai ƙarshen titi ba tare da an tsaya ƙari ba?

Tun Nuwamba 2021, tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, na ba matuƙa rahoton titi ya dogara ne kan abin da ke kwance a kai da zurfinsa, da lamba 0 zuwa 6. Don haka aikin na'urar shi ne nuna lokacin kankare roba ko gyaran kwalta. Ni da ni ne mai ƙaramin fili, GripTester zan ɗauka, amma sai mai sayarwa ya rubuta mini inda zan samu tayar awo da wanda zai riƙa daidaita ta duk shekara.