Perfectos desconocidos na Meziko: waya bakwai a kan teburi ɗaya

Ranar Kirsimetin 2018 aka fara haska Perfectos desconocidos a sinimomin Meziko, ranar da mata da miji kan fita kallo tare. Duk wanda ya zaɓi wannan rana yana da 'yar ƙeta a ransa, don fim ne da idan ma'aurata suka kalla tare, da wuya su dawo gida ba wanda ya saci kallon wayar ɗan'uwansa. Manolo Caro ne ya ba da umarni. Na ji daɗinsa, na yi dariya har da hawaye a wurare, amma ina da ƙorafi a kansa, kuma ba ƙarami ba ne.

Labarin bai da rassa. Tsofaffin abokai bakwai suka haɗu cin abincin dare a daren da ake husufin wata: ma'aurata uku, sai wani abokinsu da ya yi alkawarin kawo budurwarsa a gan ta, ya zo shi kaɗai da uzuri a bakinsa. Ana cikin hira sai matar gidan, Eva, ta kawo shawarar wasa. Kowa ya ajiye wayarsa a tsakiyar teburi. Saƙon da ya shigo a karanta shi kowa ya ji, kiran da ya shigo a buɗe sifika. Ba wanda yake so, kuma ba wanda zai iya cewa a'a matarsa na kallonsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to a nan kusan kowa da kazarsa ya zo.

Ba Caro ne ya ƙirƙiri labarin ba. Asalinsa na Italiya ne, Paolo Genovese ya yi shi a 2016, Álex de la Iglesia ya maimaita shi a Sifaniya a 2017, daga nan ƙasashe suka yi ta ɗauka har kundin Guinness ya sanya shi a matsayin fim ɗin da aka fi sake yi a duniya. Na Larabci da Netflix ta fitar a 2022 sai da ya tayar da ƙura a Masar. Dalilin wannan rububi a fili yake: ɗaki ɗaya, teburi ɗaya, 'yan wasa bakwai, ba sai an kashe dukiya ba.

Abin da ya fi kama ni a na Meziko shi ne 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin ƙarar waya da ɗaukarta. Waya ta yi ƙara, cokula su tsaya, kowa ya leƙa ya ga ko tasa ce. Wanda ya ga ba tasa ba ce sai ya saki numfashi ya gyara zama, har ya fi kowa zaƙewa wajen cewa a ɗauka mana. Minti biyar a gaba shi ne zai koma yana haɗiyar yawu. Caro ya san a fuskoki fim ɗin yake, ya bar kyamara a kansu.

Akwai wurin da ɗaya daga cikin mazajen ya ja abokin nan da ya zo shi kaɗai gefe, ya roƙe shi su yi musayar waya, don ya san wata za ta turo masa hoton da ba ya so matarsa ta gani. Abokin ya yarda da ƙyar. Sai ga shi wayar da mijin ya karɓo tana ɗauke da sirrin da ya fi nasa nauyi, ya zama dole ya amsa laifin da ba nasa ba, ko ya tona wanda ya rufa masa asiri. A nan dariya ta fara ɗaci, don abin da aminan ƙuruciya suka riƙa furtawa a gaban abokin ya fi cin amanar da ake tonawa muni. Sai kuma kiran da yarinyar gidan ta yi wa babanta tana neman shawara, ba ta san uwarta da baƙi suna ji ba. Mutumin ya amsa mata a natse, ba tsawa ba wa'azi. Shi ne kaɗai kiran da ya ƙara wa mai wayar daraja a wannan dare.

Cecilia Suárez ce ta fito a Eva. Wanda ya san ta a La casa de las flores, shirin da Caro ya yi wa Netflix a 2018, da maganarta mai jan kalma, zai ga wata mace daban a nan, mai sanyin murya da kaifin ido. Bruno Bichir ne mijin. Mariana Treviño kuwa, ita ce ta fi sa ni dariya kuma ita ce ta fi ba ni tausayi, sau da yawa a cikin minti guda. Manuel García-Rulfo da Ana Claudia Talancón sun yi abin da aka ba su.

To ga ƙorafin. Caro ya bi rubutun Italiya sawu da ƙafa, har ya manta cewa ƙasarsa ta daɗe da nata salon ba da wannan labari. Tsofaffin finafinan Meziko, na zamanin baƙi da fari, sun san magidancin da ke ajiye dadiro a wani gida can gefen gari, da haya da cefane, wani lokaci har da 'ya'ya, uwargida ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. Roberto Gavaldón ya yi La casa chica a kan haka a 1950, Dolores del Río ta fito a matar da aka ajiye. A can cin amana yana da adireshi, yana da maƙwabta masu gulma, yana da limamin coci da suruka. Caro bai taɓa ko ɗaya daga cikin wannan gado ba. Mutanensa masu hali ne, gidansu tsaf, hirarsu irin wadda za a ji a Roma ko Madrid, in ka cire karin harshe da 'yan ashar ɗin Meziko. Alhali akwai abin faɗa: tun 2008 birnin Meziko ya ba da damar saki ba tare da kawo dalili ba, a 2011 kuma aka cire zina daga jerin laifuffuka a dokar tarayya. Jikokin wancan magidanci ba sa tsoron alƙali, ƙofar fita kuma a buɗe take, amma suna nan suna ɓoye-ɓoye. Me ya riƙe su? Fim ɗin bai tsaya ya tambaya ba.

Bai kai awa biyu ba, kuma ba ya ja. Sai dai mutum bakwai ne ke magana da Sifaniyanci cikin sauri, suna katse juna, don haka mai bin fassarar ƙasan allo zai riƙa dawo da shi baya, musamman idan rigima ta kaure. Akwai giya a teburin daga farko har ƙarshe, akwai maganganun da ba na kunnen yara ba, ba kuma wanda za a kunna a gaban surukai ba ne. Wanda bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin jerin ba, wannan ya ishe shi. Wanda ya riga ya ga na Italiya, babu sirrin da zai ba shi mamaki, sai dai ya kalla don Suárez da Treviño.