Man kwakwan da na saya: na gashi ne, ban sake girki da shi ba

Wata uku ke nan da na sayi man kwakwa a hannun wata mai talla a WhatsApp, wai ya fi man gyaɗa lafiya, yana narkar da tumbi, kuɗinsa kuwa ya kusa ninka na man gyaɗa sau uku amma na rufe ido na biya. Ranar da ya iso ruwa ne tsararo, ƙamshi kamar alawar kwakwa. To sai sanyi ya shigo, na tashi da asuba na tarar kwalbar ta daskare fari fat kamar man kaɗanya, wallahi har na fara rubuta mata saƙon masifa, na ɗauka kitsen shanu aka haɗa mini.

Ƙanena da ke karatun kemistiri ne ya hana ni turawa, ya ce Yaya ai wannan daskarewar ita ce shaidar na gaske ne. Wai kowane irin mai, sarƙa ce ta sinadaran kabon da haidirojin, akwai wanda sarƙar ta ƙoshi da haidirojin ba sauran gurbi, to shi miƙaƙƙe ne sak, yana jeruwa kamar kara a dami, shi ya sa yake saurin daskarewa. Wanda bai ƙoshi ba yana da ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon, a nan sarƙar ke lanƙwashewa, ba ta jeruwa da kyau, sai man ya zauna ruwa. Man kwakwa sama da kashi 80 cikin 100 ƙosasshe ne, da zafi ya sauko ƙasa da digiri 24 zai kama jikinsa. Man gyaɗa kuwa ƙosasshen cikinsa bai kai kashi 20 ba, manja kuma wajen rabi da rabi, shi ya sa ake ganin ƙasansa ya yi kauri sama ruwa.

Nan ne jikina ya yi sanyi, don irin wannan ƙosasshen shi ne ke ɗaga kolestarol mara kyau, wato kitsen da ke toshe jijiyoyi, a jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ashe man kwakwa ya ma fi man shanu yawansa! Ni da na saya don Baba mai hawan jini.

A girki ma bai burge ni ba, na soya ƙosai da shi yara suka ce ɗanɗanon biskit suke ji, miyar kuka kuwa kar ma a fara, ƙamshin faɗa yake da daddawa. Shinkafa kaɗai ya yi wa kyau.

Amma fa a gashi da kaushin ƙafa ba ni da ta cewa, ina murza ɗan kaɗan a tafin hannu yake narkewa, kitsona bai karye ba duk bushewar hunturun nan. Yanzu kwalbar tana kan madubi kusa da man kaɗanya, kicin kuma na koma wajen mai ƙuli-ƙulin layinmu da jarkata.